Sunaye da Jan Rubutu

Shekarun Phulmaya a kasuwar Gimhae ta ƙasar Koriya sun kai a ce ta zama 'yar gida, amma ina! Kullum sai a rusuna mata, a yi mata murmushin baƙo, a ce "mai zanen nan 'yar Nepal". Ladabin nan ya ishe ta. So take a saki jiki da ita kamar kowa.

Da Pyo, shugaban 'yan kasuwa, ya ba ta aikin ƙawata babban allon lantarkin ƙofar kasuwa don bikin kakar amfanin gona, sai ta zage damtse. Ta zana fuskar kowace mai rumfa a kwamfutarta, ta rubuta sunan kowa a ƙasa da ja jawur, kalar aure da albarka a garinsu.

Ana kunna allo, kasuwa ta yi tsit. Mai kifi ta dafe ƙirji. Ai a nan sai mamaci ake rubuta wa suna da ja, kowane yaro ya san haka. Phulmaya kuwa baiwar Allah tana tsaye tana jiran tafi.

Pyo ya matso yana murza hannu. "Ya yi kyau ƙwarai, Malama, sai dai..."

"Ya yi kyau a gidan wa?" Tsohuwa Mal-sun mai wainar shinkafa ce ta ratso taro, ludayi a hannu. "Ke 'yar nan! Kin kashe ni ina tsaka da suya? Kin hallaka kasuwa kaf rana ɗaya, wa zai yi mana makoki?"

Nan aka yi wa Phulmaya bayani. Kunya ta rufe ta. "Kaka, ki yafe ni, a wajenmu..."

"Wajenku ina? Nan ne wajenku, shashasha!" Ta ɗaka mata duka a gadon baya. "Maza ki tashe mu. Kuma ki rage min hancin nan, ba haka yake ba."

"Haka yake!" in ji mai kifi. Aka kwashe da dariya.

Phulmaya ta duƙa tana mayar da sunayen zuwa baƙin rubutu, hawaye na zuba, daɗi ya cika ta. Tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya ƙara zaginta haka.