Akwatunan da ke Gaban Tayoyin Baya

Ina da wani hali da ba na alfahari da shi: bakina ba ya iya cewa "ban sani ba". Ko hanyar garin da ban taɓa zuwa ba aka tambaye ni, sai na ɗaga hannu na nuna wani gefe. Matata 'Yargata ta ce da kamfanin ma'adinai na biyan albashi a kan wannan, da ni zai sallama a ƙarshe.

Amma ni ya fara sallama. Shekarar da kasuwar uranium ta faɗi aka rage mu, ni kuwa mai tsaron ɗakin kaya ne, ba a sha wahalar samun wanda zai riƙe makulli ba. Da abin da aka ba ni na sayi wata tsohuwar motar soja wajen wasu Nasara da suka ratso hamada ta Assamakka. Haka suke yi a lokacin: su tuƙo mota, su sayar a Arlit, su hau jirgi su koma. Waɗannan suna cikin na ƙarshe, don 'yan tawaye sun riga sun fara harbi a duwatsun Abzin. Na shafe ta da shuɗin fenti har kalar soja ta ɓace, na nemo abokina Rhissa, mutumin duwatsun nan, ya riƙe sitiyari. Raƙumansa sun ƙare a fari, ya koyi tuƙi a Aljeriya. Niyyarmu mu riƙa ɗauko hatsi daga Tawa.

Motar tana da wani abu da ba mu taɓa gani a jikin wata ba. A gaban kowace tayar baya akwai akwatin ƙarfe mai murfi, faɗi daga sama, tsukakke daga ƙasa, da bututu da ya lanƙwaso ya kalli ƙasa daidai bakin taya. Waya ta taso daga kowanne ta shiga gidan direba, ta ƙare a wani mariƙi kusa da gwiwa, wanda tsatsa ta cinye. Na buɗe akwatunan ranar da na saye ta, na tarar da ɗan yashi a ciki, na share. A Arlit ko tukunyar miya ka buɗe za ka tarar da yashi.

"Mene ne wannan?" na tambayi Rhissa.

"Mota yana tafiya, Nomau? To ka ƙyale shi."

Tafiyarmu ta farko ta tsaya a bariyar sojoji, shingen bincike da ke bakin gari, hanyar Agadas. Wani ajidan, shugaban sojojin wurin, dogo mai furfura a gashin baki, ya zagaya motar, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa bututun da sandarsa. Ya tambayi Rhissa. Rhissa ya ce bai sani ba, kuma da an bar zancen nan da wataƙila ya wuce. Sai na sa baki.

"Na ruwa ne, mon ajidan. Na sanyaya taya."

Ya buɗe murfi. "Da wannan gindin? Ko moɗa ɗaya ba zai riƙe ba."

"To na kayan gyara ne."

"Da bututu?"

"Wato... na hayaƙi ne, idan injin ya yi zafi."

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya dube ni, sa'an nan ya dubi rawanin Rhissa, ya daɗe yana dubawa. "Amsa uku a kan abu ɗaya," in ji shi. "Ni ma bari in ba ka tawa. Motar soja ce, an ɓad da kalarta, direban ɗan duwatsu ne, ga mariƙin da mutum zai ja ya saki wani abu a hanya don wanda ke binsa a baya. Kwanan nan muka kwashe gawar yaranmu a hanyar Gugaram. Direbanka zai zauna da mu. Ka zo mini da gaskiyar abin nan kafin ayarin Agadas ya tashi, in ba haka ba ya bi su, can a tambaye shi."

Kowa ya san yadda ake tambaya a can. Suna shigar da Rhissa ɗakin kwanon da ke bayan bariyar, ya waiwayo ya ce, "Nomau, don Allah, wannan karon ka yi shiru ka je ka tambaya."

Na tambaya. Ba garejin da ban shiga ba daga Arlit har Akokan. Na zana abin a ƙasa da tsinke har yatsana ya yi kanta. Wani makanike ya ce wurin ɓoye gazuwal ne, wato man dizal. Wani ya ce Nasara na zuba wa karnukansu abinci a ciki. Wani tsohon soja ya rantse na ƙusoshi ne, na ce ya rufa mini asiri kada ya maimaita. Na lura garin nan cike yake da masu irin halina, ban ji daɗin haɗuwa da su ba.

A gida 'Yargata ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, ka bar masu baƙin mai. Motar daga ƙasar sanyi ta fito. Wa ya taɓa zama ƙasar sanyi?"

Mushe Hamadi ne ("mushe" na Faransanci, wato malam). Injiniya ne da ya yi karatu a Rasha, aka sallame mu wata ɗaya, yanzu yana gyaran fanka da rediyo a wata rumfa bayan kasuwa. Na zana masa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Da ka buɗe, me ka tarar a ciki?"

"Ba komai. Yashi."

"Wane iri?"

Sai a lokacin na tuna. Ba ja ba ne irin namu. Toka-toka ne, mai tsakuwa-tsakuwa.

Mushe Hamadi ya fara dariya har ya dafa teburi. Ya ce a can, idan sanyi ya kama, ruwan da ke kan titi yakan daskare ya zama ƙanƙara irin ta firji, taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Sai direba ya ja mariƙin, yashi ya zubo a gaban taya, ta samu abin kamawa.

"Mushe, kana nufin da gangan suke zuba yashi a ƙarƙashin taya?"

"Saye ma suke yi. A buhu."

Mu da rabin rayuwarmu ta ƙare a durƙushe muna tone yashi daga ƙarƙashin taya. Na roƙe shi ya zo ya faɗa da bakinsa. Ya ce matarsa 'yar Iferwan ce, can cikin duwatsun Abzin, shi ba ya kusantar bariya ko da rana tsaka. Ban ga laifinsa ba.

Na je ni kaɗai, da gudu-gudu. Ajidan ya saurare ni har ƙarshe.

"Amsa ta huɗu ke nan," ya ce. "Kuma ta fi sauran raini. Nasara sun ƙera injin kawo yashi Sahara? Tsoho, ka ga na yi kama da wanda za ka yi wa wasan yara?"

"Ka ba ni izini in nuna maka."

"Ƙanƙarar za ka kawo?"

"Zan kawo abin da ya fi ta santsi."

Ya ce ayari zai tashi bayan Juma'a, ya juya.

Ban taɓa yin aiki irin na kwanakin nan ba, har da shekarun da ake biyana. Na samo manyan farantan ƙarfe biyu a jujin kamfani, na yi hayar amalanken jaki ya kai su bariyar. Na bi gareji-gareji ina roƙon baƙin man da aka juye daga inji. Na kwanta a ƙarƙashin motar ina jiƙa wayoyin da kananzir, wani soja na tsaye a kaina da bindiga yana ba ni shawara. Da mariƙin ya motsa, na gwada yashin bakin hanya, ya yi laushi da yawa, ya haɗu da mai ya zama kamar kunu. Sai na tafi ƙoramar da ke gabas da gari, wadda ta manta rabonta da ruwa, na ɗebo mai kaushi, na tankaɗe shi da rariyar 'Yargata. Ta ce idan na dawo da ita da rami in nemi wata matar. Daga ranar Laraba ban ƙara komawa gida ba. Abincin da nake kai wa Rhissa, sojoji ke karɓa a ƙofa, ba su bari in gan shi.

Ranar Juma'a da hantsi na shirya. Motocin da ke jiran a buɗe hanya sun yi layi, direbobi da fasinjoji suka sauko suka kewaye mu. Na shimfiɗa farantan a kan kwalta, muka tura motar har tayoyin baya suka hau, na malala mai.

"Mon ajidan, a fito da Rhissa ya tuƙa. Shi ya san hannunta."

"Motarka ce. Hau."

Ni tuƙina na takarda ne, amma na hau. Na tabbatar ƙafafun gaba ba sa ja, na sa giya, na saki. Ta mutu. Wani daga cikin direbobi ya ce, "Baba, ko a kira maka jaki?" Na sake tayarwa, na ba ta wuta sosai. Tayoyin suka kama juyawa wuri ɗaya suna kuka, mai na fantsama, masu fararen riguna suka watse. Motar ko motsi. Na bar ta haka har kowa ya gani, na yi bisimilla, na ja mariƙin.

Na ji yashin na zuba, sa'an nan wani ƙara kamar ana niƙa. Motar ta yi tsalle gaba, farantin ɗaya ya fita ta baya, na kusa kwashe gangar da aka tare hanya da ita kafin ƙafata ta gano birki.

Da na sauko, ajidan na durƙushe yana kallon bututun, ya tara hannu yashi na zuba a tafinsa. Ya kira sojojinsa ɗaya bayan ɗaya su gani. Ya sa na sake yi. Wani ɗan kasuwa daga Sakkwato ya ce shi dai ya ga abin da zai ba jikokinsa labari. Ajidan ya dafa kafaɗata da hannunsa mai yashi.

"Tsoho, ka gamsar da ni. Wallahi Nasara ba su da aikin yi. Ɗauki motarka."

"Rhissa fa, mon ajidan?"

Ya dubi wani kofur, kofur ɗin ya dubi ƙasa.

Ashe Rhissa yana gida tun ranar Laraba da la'asar. Uwarsa ce ta zo daga daji ta zauna a ƙofar ofishin babban sojoji a cikin gari, cikin rana, ta ƙi ruwa ta ƙi inuwa, har aka aiko a sake shi.