Motar Gawa Ta Ƙi Ba da Shaida

A unguwarsu Darmaji, can bayan gonakin rake na Kediri, mutum zai iya kauce wa kowace mota banda wadda yake tuƙawa. Farar mota ce tsohuwa ta jama'ar masallaci, aikinta ɗaukar gawa. Tun da ya bar jan babbar motar rake aka danƙa masa ita, yana kuma ji da ita fiye da haƙoransa, don ita kullum sai ya wanke ta. Ciwonta ɗaya ne: in ta yi zafi aka kashe ta, sai da turi take tashi. Saboda haka duk inda ya je ɗaukar gawa a kunne yake barin ta.

Ranar da Pak Suwondo, wato Malam Suwondo, ya rasu, Darmaji ya kawo ta ƙofar gida ya tsaya. Marigayin mutum ne da ko kajin unguwa sun san muryarsa. Ya yi faɗa da maƙwabta a kan magudanar ruwa, ya yi da mai gyaran wuta, ya taɓa kai ƙarar ladan wai yana tashinsa daga barci. Aka fito da makara, maza suka yi tsaye a rana, mata na daga rumfa. Liman Mudakir ya gyara murya ya yi tambayar da aka saba kafin a ɗaga mamaci.

"Jama'a, ku shaida. Mutumin kirki ne?"

Mutane suka ja numfashi, don amsar ɗaya ce ko wa ya mutu. Kafin su buɗe baki injin ya tashi da kansa, wuuum, sannan ya sauka yana kakkarwa kamar zai mutu.

Liman ya harari Darmaji. Darmaji ya ɗaga hannuwa ya nuna masa ƙafafunsa a ƙasa, nesa da totur.

"Na ce mutumin kirki ne?"

Wuuum! Wannan karon har salansa ta yi tusa. Wani tsoho a baya ya ce, "To, ga wadda ba ta tsoron kowa ta faɗa." Dariya ta kama bin layi, masu riƙe da makara kafaɗunsu na rawa. A rumfar mata, Bu Lasmi, wato Malama Lasmi, matar marigayi, ta tura fuska cikin mayafi jikinta na girgiza, mata suka rufu a kanta suna ba ta haƙuri. Darmaji ya so ƙasa ta tsage ya riga Suwondo shiga.

Kafin a dawo daga maƙabarta labari ya kai kasuwa. Wasu suka ce gawar ce ta ƙi a yi mata ƙarya. Wasu suka ce aljanin da ke cikin motar ne ya musulunta. Liman ya tare Darmaji a bakin masallaci ya ce, "Pak Darmaji, ko ka gyara ta, ko mu koma ɗauka a kafaɗa. Ni ba zan yi gasar wa'azi da ƙarfe ba."

Washegari ya ja ta ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kusa da rumfar amininsa Tukiran mai faci, ya ɗaga kujerar direba inda injin yake. Ya fara da fulogi. Baƙaƙe ne, ya goge su ya mayar. Ta tashi lafiya lau, har ya fara murmushi, sai da ta yi ɗumi ta koma hawa da sauka kamar mai shessheƙa.

Tukiran ya taso da kofinsa. "Man nan ne. Ruwa suke sa masa."

Aka tsiyaye tanki, mai fes. Tukiran bai ji kunya ba. "To kafireto ce. Tun farko ita na so in ce."

Darmaji ya kwance kafireto, ya baje ta a kan tiren matarsa, ya wanke kowane ɗan rami, ya busa da baki har leɓensa ya ɗashe. Ya mayar, ya murɗa 'yar ƙusar da ke daidaita injin in mota na tsaye. In ya ƙara, ta yi ihu. In ya rage, ta mutu, su sauka su tura. A turi na uku Sumirah, matar Darmaji, ta leƙo ta katanga.

"Pak, tirena nake so. Kuma in kun gama wasan yara, ku kai ta a yi mata ruƙiyya. Abin da ta ɗauka jiya ba ƙaramin kaya ba ne."

"Iska take sha ta wani wuri," in ji Darmaji. "Ina jin wani ɗan tsaki, na rasa ta ina."

"Tsakin marigayi ne," in ji Tukiran. "Da shi na san shi."

Ya kunna tabarsa mai kanumfari, ya sunkuyo ta ɗaya ƙofar yana leƙen injin.

"Kai, mahaukacin ina ne! Taba a kan fetur? So kake in ɗauke ka a motar nan gobe?" in ji Darmaji.

"Ka gyara ta tukuna. Ni ba zan yarda ta tona mini asiri ba."

Darmaji ya miƙa hannu zai fizge tabar, sai ya tsaya. Hayaƙin ba sama yake yi duka ba. Wani siriri yana lanƙwasawa, yana bin bayan injin, yana shigewa ƙarƙashin kafireto.

"Kar ka motsa. Sake busowa."

"Yanzu kuma na zama likita?"

Darmaji ya bi hayaƙin da yatsa har ya taɓa wani ɗan baƙin tiyo da ya bushe kamar ƙirgi. Ta ƙasa ya tsage, inda ido ba ya kaiwa. In injin ya yi zafi ya girgiza, tsagar ta buɗe, iska ta kutsa, mai ya yi kaɗan, injin ya rikice. Ya danne wurin da babban yatsa. Nan take motar ta kwanta, tana gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Ya ɗaga, wuuum. Ya danne, shiru.

Tukiran ya gyara tsayuwa ya yi muryar liman. "Jama'a, Darmaji mutumin kirki ne?"

Darmaji ya danne da ƙarfi. "Ka ji. Ta yarda. Tukiran fa?" Ya ɗaga yatsa.

Suna cikin ƙyaƙyatawa suka ga Bu Lasmi tsaye da kwano a ɗaure cikin ƙyalle. Tukiran ya jefar da taba ya take. Darmaji ya hau goge hannu a wando.

"Bu, ki yafe mini abin da ya faru jiya. Wallahi ba da gangan ba ne. Tiyo ne, ga shi nan."

Ta ajiye kwanon a kan benci ta matso. "Nuna mini."

Ya nuna mata. Ta naɗe hannun riga, ta sa yatsa ta danne, ta saurara, ta ɗaga. Wuuum. Ta sake, ta sake. Sai ga dariyar da ta ɓoye jiya ta fito fili, har tana dafa ƙofa.

"Suna ta ce mini in yi haƙuri, in daina kuka. Pak, ban taɓa shan wuyar riƙe dariya irin ta jiya ba. Tun ina amarya nake neman wanda zai katse mutumin nan, sai ranar ƙarshe Allah ya kawo." Ta share ido. "Allah dai ya ji ƙansa. Ya iya gyaran rufi, wannan kam ba zan hana shi ba."

"Amin," suka ce.

Darmaji ya yanko sabon tiyo daga tarkacen Tukiran, ya cire tsohon, ya ɗaure sabon da waya. Injin ya zauna daram. Suka wanke hannu suka buɗe kwanon: shinkafa ce da yaji da soyayyun tsuntsaye ƙanana, sun sha tafarnuwa. Tukiran ya gama da ɗaya har ƙashi kafin ya tambaya.

"Bu, a ina kika samo 'yan shila masu ƙiba haka?"

"Kurciyoyinsa ne na gasar kuka. Da zuma yake ciyar da su, ni ko in ci busasshen kifi." Ta ɗaure bakin ƙyallenta. "Ku ci da kyau. Wannan ta hannunka ta taɓa cin kofi a birnin Surabaya."

Tukiran ya dubi cinyar da ke hannunsa, ya yi bisimilla ta biyu, ya kai baki.