Soron Sodangi

Shekarun farko na zuwan Turawa aka naɗa Sodangi shugaban magina a Sakkwato. Ba don hannunsa ba, don rabonsa da taɓa tubali tun yana saurayi. Abin da ya iya shi ne zubewa ƙasa da "Zaki" tun Bature bai gama sauka daga doki ba. Na sama ba ya taɓa jin "a'a" daga bakinsa, na ƙasa kuwa ba ya samun kunnensa. Tir da irin wannan shugaba.

Wani Bature ya buƙaci a gina masa soron saukar baƙi, da rufin ɗaurin guga, wato rufin da ake lanƙwasa azara a ɗaure ta, ba ginshiƙi a tsakiya. Ya tambaya ta bakin tafinta ko za a gama kafin babbansa ya iso. Sodangi bai ko waiwayi mutanensa ba ya ce an gama.

A cikin maginan, Mani na Ƙofar Taramniya ne ke ɗaurin guga. Da shi yake ci da iyalinsa, kuma sunansa ne jarinsa, domin magini bai da wata shaida sai ginin da ya bari tsaye. Ya sami Sodangi a gindin bagaruwa yana cin goro.

"Ranka shi daɗe, ƙasag ga da munka kwaɓa ba ta ruɓa ba. Bango ma bai sha iska ba. In anka aza mishi nauyi yanzu, zamnawa za shi yi."

"Kai ad da aikin ko ni?" in ji Sodangi. "Na riga na hwaɗa ma Bature. So kake in koma in ce mishi mi?"

Abin da ya dame shi ke nan. Komawa ya ce "a ƙara mana lokaci" ya fi masa ciwo a kan rufi ya faɗo wa mutum. Mani ya hau, ya ɗaura azara a kan ɗanyen bango, ransa a ɓace. Sauran magina suka yi ta miƙa masa ƙasa.

Ruwan farko ya sauka, soron ya durƙushe tun ba a shafe shi ba. Allah ya tsare, ba kowa a ciki.

Da Bature ya zo yana huci, Sodangi ya riga kowa zubewa. Ya nuna Mani da baki, ko kunyar ido babu.

"Wanga na, Zaki. Na ce mishi shi dakata, yaƙ ƙiya."

Maginan duk sun ji yadda aka yi a gindin bagaruwa. Suka sunkuyar da kai, don Sodangi ke raba aiki. Aka kori Mani nan take. Sodangi kuwa har yabo ya samu, wai ya gano mai laifi da wuri.

Labari ya zaga gari cewa rufin Mani ya faɗi, ba wanda ya tambayi dalili. Daga baya in Sodangi ya nemi mai ɗaurin guga, kowa sai ya ce shi kwaɓa ƙasa kawai ya iya.

Da damina ta wuce, zauren Junaidu, maƙwabcin Mani, ya tsage. Mani ne ya gina shi tun zamanin uban Junaidu, ya kuma san inda ciwon yake. Ya fito da safe ya zauna a ƙofar gida yana jira. Junaidu ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya wuce unguwar gaba ya kirawo wani magini.