Akwatunan da Gara Ba Ta Ci

Likita ne ya raba Kafinta da shagonsa. Ya ɗaga hoton ƙirjinsa a hasken taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in dai yana so ya ga girman 'ya'yansa to ya nisanci garin katako. Kafinta ya yi gardama kamar yadda ya saba, wai tarin na sanyi ne. Amma ranar da ya ga jini a hankicinsa, shi da ƙafarsa ya je ya kira dillali, aka kwashe injin yanka da na gogewa, ya miƙa wa mai shago makullinsa.

Bayan 'yan makonni ya faɗa wani taron bita a kan kiwon zuma. An yi bayanin hayaƙi, an yi na uwar zuma da lokacin fure, amma abin da ya zauna masa a kai shi ne akwati. Ashe sana'ar duka akwati ce, in ji shi, kuma wa zai gaya masa akwati? Duk abin da injinan suka kawo ya zuba shi a katako mai kyau, da riga mai raga a fuska, da gwangwanin busa hayaƙi, har da kwalabe ya saya ya jera a ƙarƙashin gado alhali ko ɗigon zuma bai gani ba. A tsakar gida ya yi aikin, ya ɗaure hanci da tsumma, yana bugu yana tari. Akwatunan kuwa sun fito, wannan ba a musu. Ko allura ba ta samun wurin shiga a mahaɗarsu.

Yayan matarsa yana da lambu a bayan gari, na lemo da mangwaro. Matar ce ta je ta roƙa, ya ba su kusurwar da ke jikin shinge. Mutum ne mai magana ɗaya: ya ce wurin yana da niyyar gina ɗakin kaji a kai, amma zai jira har furen lemo ya zube. In zuma ta zauna, wurin nasu ne. In ba ta zauna ba, kowa ya kama gabansa ba tare da ɓacin rai ba.

Zuma kuwa ta ƙi zama. Kafinta ya shafa kaki a cikin akwatunan kamar yadda aka koya musu, ya jira. Ƙudan suna zuwa su shawagi a bakin ƙofa, su juya kamar wanda ya leƙa ɗaki ya ga ba nasu ba ne. Da ya gaji da jira ya sayo gida guda na ƙudan zuma daga wani mai kiwo, ya juye su a akwatin da ya fi so. Kafin mako ya zagayo sun gudu. Ya sake sayowa, wannan karon da kuɗin keken ɗinkin matarsa, wanda ita ta ce a sayar, ba ta bari ya kai ga tambaya ba. Waɗannan ba su gudu ba. Ran nan da hantsi ya ɗaga murfi ya tarar da su zube a ƙasan akwati, tuli guda, wasu suna ɗan motsa ƙafa.

Yana durƙushe a wurin matar ta iso da kular abinci, yayanta yana biye da ita.

"Baban Auta, lafiya?" ta ce. Da ta leƙa sai ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Su ma?"

Yayan ya tura hula gaba ya leƙa, ya girgiza kai.

"Kafinta, ni fa ban san kan zuma ba, amma abin nan ya fara yawa. Ko akwatunan ne?"

Da ya zagi uban Kafinta da abin ya fi zuwa masa da sauƙi. Ya miƙe tsaye har tari ya sarƙe shi, ya tsaya ya gama, sannan ya buga gefen akwatin da tafin hannu.

"Haba Yaya! A ce komai, amma ban da akwatin nan. Dubi turakun shingenka, gara ta cinye su har sun zama gari. Dubi nawa, ga su a wuri ɗaya, ta taɓa ko ɗaya? Kowane falle sai da na tsoma shi a duro na maganin gara, ya kwana ya wuni, ya sha har ƙashinsa. Ciki da waje. Tun da nake sana'a ban taɓa fitar da aiki ban yi masa haka ba. Ko kiyashi bai isa ya hau katakon nan ya sauka da rai ba."

Matar ta ajiye kular a hankali. Ta dubi tulin da ke cikin akwati, ta dube shi.

"To Baban Auta, shi ƙudan zuma ba ƙwaro ba ne?"

Kafinta ya sunkuya ya kai hanci cikin akwatin, warin da ya shaƙa shekara da shekaru har ya daina jinsa ya bugo shi kamar yau ya fara saninsa. Gumi ya karyo masa. Ya bi jeren akwatunan da kallo har ƙarshen shinge, kowanne fes, kowanne da gubarsa, kuma ya fi kowa sanin ba wankin da zai fitar da ita. A taron bita ba wanda ya ce kada a sa, don ba wanda ya zaci akwai mai sawa. Ya zauna daɓas a ƙasa.

Yayan ba mugu ba ne. Ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya mayar da alheri. Amma ya ɗaga kai ya dubi lemon, kowa ma ya duba: furen ya fara zuba, ƙasa ta yi fari-fari. Ya ce magina za su zo farkon mako.

Kwanakin da suka biyo Kafinta bai san yadda suka wuce ba. Abinci sai an matsa masa. In yara sun dawo daga makaranta sai ya juya fuska bango, don ba ya iya haɗa ido da su. Matar ta koma karɓar ɗinkin hannu, maɓalli da bakin zane, tana yi har idonta ya yi ja. Ba ta taɓa ce masa komai game da keken ba, kuma wannan shirun ya fi cinsa.

Ana gobe magina za su zo, da sassafe yayan ya kira waya.

"Kafinta, zo ka ga ikon Allah. Ga zuma nan ta sauka a reshen lemo, dunƙule guda ya fi tulu. Ba na kowa ba ce. In kana so ka yi sauri, ni dai ba zan matsa kusa ba."

Kafinta ya diro daga gado ko takalmi bai nema ba. An gaya musu a bita cewa irin wannan zumar matafiya ce, ta baro tsohon gida da uwarta, ta yada zango ne kafin 'yan leƙen asirinta su samo mata sabon wuri. Takan wuni, takan kwana, takan tashi kafin ka sha ruwa. Wanda ya riga ya juye ta a akwati, tasa ce, kyauta.

Akwati dai. Ya tsaya a tsakar ɗaki yana juyi. Kabad ɗin kaya, shi ya yi. Gadon, shi ya yi. Teburin yara, ƙofar ɗaki, kujerar tsuguno ta kicin, duk hannunsa ne, duk sun sha duro. Gida cike da katako, ba falle ɗaya da ƙwaro zai kwana a kai. Kasuwar katako kuwa tana can ƙarshen gari, aljihu kuma ba ko sisi.

"Ga kwali," matar ta ce, tana zazzage kayan da ke cikin wani babban kwalin sabulu. "Mu juye su a nan tukuna, in ya so daga baya ka yi akwatin."

"Kwali?" Ya dube ta kamar ta miƙo masa kwandon shara. "Yayyafi ɗaya ya narke. Kuma an ce in ka yi ta juya su daga wuri zuwa wuri gudu suke yi. Ni da sana'ata in sa zuma a kwalin sabulu, Yaya yana kallo?"

"Yaya ya ga abin da ya fi wannan. Don Allah ka tashi mu tafi."

Amma idonsa ya riga ya sauka a kan bencin aiki da ke jingine a bayan kicin, an lulluɓe shi da leda. Shi kaɗai ya hana dillali ɗauka. Na maigidansa ne wanda ya koya masa aiki, tsohon katako mai nauyi tun zamanin da ba a san maganin duro ba, duk jikinsa sawun zarto da kurfi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma a ransa ya ajiye cewa in tarin ya lafa, da bencin nan da zarton hannu zai sake farawa. Ya yaye ledar, ya shafa saman sau ɗaya, ya ɗauko zarto.

"Baban Auta, bencin Oga ne fa," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Riƙe mini nan."

Ta riƙe. Katakon ya bushe ya yi tauri kamar ƙarfe, zarton yana kuka, shi yana tari, gari yana tashi yana shiga inda likita ya ce kada ya shiga. Ko tsumma bai ɗaura ba. Rana ta ɗaga, ta take tsakar gida. Wayar ta yi ƙara, matar ta ɗauka da hannu ɗaya.

"Yaya ya ce sun fara motsi, wasu suna tashi suna komawa."

"Saura kaɗan."

Kafin azahar akwati ya tsaya da ƙafarsa, da sandunan da zuma za ta rataya saƙarta a jere a sama. Ya ɗora murfi. Murfin ya zauna, sai dai gefe ɗaya ya ɗan ɗaga, tazarar da ba ta wuce kaurin farce ba. Duk mai hankali zai ɗora dutse a kai ya kama hanya. Kafinta ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya duba ta gefe.

"Ya yi," in ji ta. "Wallahi ya yi. Ɗauko mu tafi."

"Ya karkace."

"Zuma za ta zo da ma'auni ne? Baban Auta, don girman Allah!"

"Iska za ta shiga. Minti nawa ne."

Ya zare ƙusoshin, ya goge gefen, ya gwada, ya sake gogewa. Hawaye da gumi sun haɗu a haɓarsa, shi kansa ya san abin da yake yi hauka ne, amma hannun ya ƙi sakin aiki a karkace. Matar ta juya baya ta toshe baki da gefen mayafi. Sai da murfin ya zauna ɗas, ba ko motsi, sannan ya ce ta tare musu mai babur.

A hanya ya rungume akwatin a cinya, kusurwarsa tana sokar haƙarƙarinsa a duk ramin da suka faɗa. Addu'a ɗaya yake maimaitawa har bakinsa ya bushe. A ƙofar lambu ya sauka da gudu, gudun da ƙirjinsa bai yarda da shi ba, ita tana binsa da riga mai raga da gwangwanin hayaƙi.

Yayan yana tsaye nesa da bishiyar, hannuwa a baya. Da ya gan su sai ya nuna sama da haɓa, can wajen bayan shinge.

"Yanzun nan," ya ce. "Ina jin ƙarar babur ɗinku a kwana suka tashi. Kamar hayaƙi."

Kafinta ya ƙarasa gindin lemon. Reshen yana nan ya ɗan lanƙwasa, ba komai a jikinsa sai ɗan farin kaki kamar kan yatsa. Ya ajiye akwatin a ƙasa a hankali, ya cire murfin, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Ya dubi inuwar bishiyar, ya auna ta da ido, ya san daidai lokacin da gyaran murfin ya ci masa.

Wasu 'yan ƙudan zuma, ba su fi cikin tafi ba, suna ta kewaya reshen. Ɗaya ya sauko ya sauka a bakin akwatin, ya yi 'yar tafiya, ya shige. Wani ya bi shi. Ba su fito ba.

Matar ta kama hannun rigarsa.

"Sun shiga! Baban Auta, duba, sun shiga, sun zauna! Yaya, zo ka gani!"

"Ba uwa a cikinsu," in ji Kafinta.

"To ba sai su kira sauran ba?"

"Ba su san inda sauran suke ba. Waɗanda suka fita nema ne tun safe. Sun dawo sun tarar an tafi an bar su."

Ta saki rigar. Yayan ya yi gyaran murya, ya ce bari ya je ya duba injin ban ruwa, ya bar su su biyu. Kafinta ya durƙusa a gaban akwatin yana kallon 'yan ƙudan suna shiga ɗaya bayan ɗaya.

"Kwana nawa za su yi a haka?" ta tambaya.

"Ba yawa."

Ya ɗauki murfin ya rufe musu, don kada rana ta dame su.