Gadar da Ta Sha Farar Ƙasa

Sau uku a mako Tanti Veturia take tura mijinta a keken guragu ta haye da shi gada: Litinin, Laraba, Juma'a. Motar asibiti a wancan ƙetaren take tsayawa, direban ya jingina da ƙofa yana shan taba yana kallonsu, domin shekara biyu ke nan da majalisar gari ta kafa allo ta hana mota hawa. Wannan allon shi ne aiki mafi girma da aka yi wa gadar tun faɗuwar mulkin gurguzu, har hotonsa ya fito a jarida da magajin gari a gefe. Wankin ƙoda mijin nata, wanda ake kira Nea Ilarie, yake zuwa. Idan ya tsallake rana ɗaya ƙafafunsa su kumbura, idan ya tsallake biyu likita ya ce kada ma a wahalar da mota. Ita kuma Veturia shekararta sittin da takwas, bayanta ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ramukan gadar nan ta san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai na tsakiya wanda ake hango ruwa ta cikinsa, akwai inda rodi ya fito ya miƙe yana jiran tayar keke. Tsoronta kullum shi ne ranar da ƙarfinta zai gaza, domin 'yarsu Luminitsa ta riga ta faɗa: in abin ya gagara, za ta ɗauke tsohon ta kai shi ɗakinta a babban garin gunduma, hawa na huɗu, kusa da asibiti. Ɗaki ne mai gado ɗaya na baƙo. Shekara arba'in da shida Veturia ba ta kwana gida daban da mutumin nan ba, duk da masifarsa.

Kuɗin gyara kuwa ba a taɓa hana su ba, a baki dai. An ƙara harajin mota domin gada, aka sayi fitilun Kirsimeti. An ƙara kuɗin ajiye mota a kasuwa domin gada, aka gina wa dandali maɓuɓɓugar ruwa mai canza launi, wadda ta yi wata biyu tana aiki. Magajin gari ya ce gari ba zai iya shi kaɗai ba, gunduma ta ce ai gadar ta gari ce, gwamnati a babban birni Bukarest ta ce a aiko da takarda.

Ranar Lahadin da ke kafin Ista injiniyar gari, wata siririyar mata mai suna Cerasela, ta tare mutanen unguwa a harabar coci. Ta ce an samu kuɗi daga asusun ƙasashen Turai, akwai mai dubawa yana zagaya gadojin yankin, goma da suka fi lalacewa za a sake gina su. Ranar Alhamis da tsakar rana zai iso.

"Abu ɗaya nake roƙonku," in ji ta. "Kada kowa ya taɓa ta. Ku bar masa ita yadda take, ya gani da idonsa."

Kowa ya gyaɗa kai. Veturia ce kaɗai ba ta gyaɗa ba, don ta san mutanenta. Makon Ista ne fa. A makon nan duk abin da ba ya motsi sai ya sha farar ƙasa: gindin bishiya, bakin titi, shinge, dutse, kare ma in ya daɗe a kwance bai tsira ba. Ga baƙo tafe daga babban birni. Ga kuma Ilarie, wanda ya yi shekara talatin da huɗu a sashen hanyoyi na gari, kuma in ka tace aikin nasa duka abu ɗaya ne: gobe manya za su wuce, a fito da bokitin farar ƙasa.

Ta zama 'yar gadi. Ranar Litinin ta kama maƙwabciyarta Paraschiva da bokiti a bakin gada, matar ta rantse ƙarfen gefe kawai za ta ɗan goge, don tsatsar tana ɓata wa jikokinta riga. Veturia ta ce in buroshin nan ya taɓa gadar, sai ta shafe matar da shi tun daga goshi. Ranar Talata ta kori limamin coci da tukwanen furanni biyu, ta sumbaci hannunsa tukuna.

Ranar Laraba suna tsakiyar gada Ilarie ya sa hannu ya ɓantaro tsatsa, ya daɗe yana kallonta a tafinsa.

"Haka mutum zai taso tun daga Bukarest ya same mu? Ya koma ya ce mu wane iri ne?"

"Ya ce mu matsiyata ne, tsoho. Abin da ake biya ke nan bana. Riƙe hularka."

Ya riƙe hularsa har mota, ita kuma ta ɗauka ya ji.

Alhamis ɗin Ista ranar matattu ce, ba matar da za ta ƙi zuwa maƙabarta da burodi da kyandir. Veturia ta fita da sassafe, ta bar shi da shayi da rediyo. Ta kunna wa iyayenta kyandir, ta raba burodi, ta tsaya gulma kaɗan, kaɗan ƙwarai. Ƙarfe goma tana saukowa daga tudu ta hango wani abu yana ƙyalli a kan kogi, sai da ta kare idonta da hannu.

Gadar ta yi fari fat. An cusa tsofaffin jaridu a tsagogi an bi da siminti. An lanƙwashe rodin an rufe shi. Ramin tsakiya an ɗora masa katako, a kan katakon an jera jajayen furannin limami. Rabin unguwa suna wurin da bokitai, Ilarie yana zaune a kekensa a tsakiya, farar ƙasa har a girarsa, yana nuna wa Paraschiva inda ta tsallake. Rabon da Veturia ta ga fuskarsa da haske haka tun kafin ciwon. Wannan ne ya hana ta kifa masa bokitin a ka. Ta zauna a bakin titi, a kan ɗanyen fenti, ta yi kuka.

Mai dubawa ya iso a kan lokaci, wani matashi mai sanƙo, gadarsa ta shida ke nan a ranar. An tarbe shi da burodi da gishiri, aka ɗura masa barasar gida ƙoƙo biyu, aka cika masa jaka da jajayen ƙwai na Ista. Injiniya Cerasela ta ja hannun rigarsa tana roƙo ya sauka ya duba ƙasan gadar. Ya leƙa gangaren, ya dubi takalminsa, ya ce hotuna sun isa. Ya ce ya ga gadoji da yawa, amma bai ga wadda mutanenta suke ƙauna haka ba. Ilarie har hawaye ya share.

A watan Yuni jerin ya fito. Gadarsu ce ta arba'in da ɗaya. An haɗo da takardar yabo ga al'umma, magajin gari ya sa ta a gilashi ya rataye a ofis.

Veturia ta ci gaba da turi har sanyi ya shigo. A ƙarshen Nuwamba ƙanƙara ta kwanta a kan katakon, ta zame, ƙugunta ya tsage. Da ta fara takawa, Luminitsa ta zo wata Asabar da akwati. Paraschiva ce ta tura keken, Veturia tana biye da sanda, tana riƙe da ledar magungunansa.

A tsakiyar gada Ilarie ya ce a tsaya. Ta zaci zai waiwaya ya kalli gidan. Sai ya miƙa hannu ya kankare ƙarfen da farce, farar ƙasar ta zubo.

"Shafi ɗaya muka yi mata," ya ce. "Da kin daɗe kaɗan a maƙabarta, da mun yi na biyu."

Ta gyara masa gyalen wuyansa, ta ɗora masa ledar a cinya. Likita ya hana ta hawa matakala, gadon baƙo kuma ɗaya ne, don haka iyakarta bakin motar Luminitsa. Ta tsaya har suka sha kwana, sannan ta juya ta fara lalubo hanya da sandarta.