Layin da Na Gyara

Shekara arba'in ina rubutun allon shaguna, ban taɓa iya wuce karkataccen layi ban yi tsaki ba. Wannan halin ne ya jawo mana abin da ya jawo, ni da matata, Allah ya jiƙanta.

Ita ta fara gano ƙullutun a hammatata ta hagu, kamar ƙwallon dabino, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na ce kaluluwa ce, za ta baje. Wata huɗu ba ta baje ba. Muka je asibiti, aka yanki kaɗan aka auna, likita ya ce kansar kaluluwa ce, amma mai tafiyar hawainiya, kuma wuri ɗaya take, ba ta bazu ba. Za a gasa wurin da haske sau goma sha biyu. Ya ce cikin masu irin tawa, fiye da rabi kan yi shekara goma ba ta dawo ba, wanda kuwa ya kai goman da wuya ta sake waiwayarsa.

"Sauran fa?" in ji matata. Ita kullum sauran take tambaya.

Kada ku yi min dariya, amma kwanakin nan sha biyu ina kewarsu. Tun da muka yi aure ba mu taɓa fita tare kullum haka ba. Motar ƙarfe bakwai muke shiga, tana rungume da filas ɗin shayi, tana min faɗa kan maɓallin riga. Ɗakin gashin a ƙasan asibiti yake. Akwai kujeru koraye guda tara, ɗaya gurguwa, da wani tsohon direba mai ciwon maƙogwaro wanda murya ta tafi amma surutu bai tafi ba. Allon ƙofar kuwa, wanda ya rubuta shi Allah ya shirye shi.

Mai sarrafa injin wata gajeriyar mata ce, muna ce mata Malamar Inji. Sai ta kwantar da ni, hannu sama da kai, a rage fitila, injin ya yi gurnani minti kaɗan, shi ke nan. Ba abin da nake ji. Ranar farko ta zana min layuka da alƙalamin maka a kan fata, ta kewaye wurin ciwon, ta ce in yi wanka amma kada in cuɗa.

Kwana huɗu ina gumi a shago, layukan suka fara dusashewa. Ba ma wannan ya dame ni ba. Kusurwar ƙasa a karkace take, kullum na duba sai raina ya ɓaci. Da la'asar na ɗauko makata da ƙaramar rula, na ce matata ta riƙe min madubi.

"Malam, ka bari gobe mu tambaye su mana."

"Ni za a koya wa layi? Ɗaga madubin sama kaɗan."

Ta ɗaga. Na bi layukan, na miƙe kusurwar, na matsar da ita kamar tsawon ƙwayar shinkafa biyu. Ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Washegari ba wanda ya ce uffan, aka ci gaba da gashi har sau takwas a kan layina.

Ranar ƙarshe muna zaune, direban nan ya raɗa wa wani sabon zuwa cewa hasken ba ya son kuskure ko na silin gashi, in an kauce sai a bar ciwo a ƙona lafiya. Na dubi matata, ita ma ni take kallo.

A mota ta ce mu koma mu faɗa. Na ƙi. Kunya nake ji, babba da ni a ce na yi wasan yara da jikina. Ta sake cewa a gida, ta sake bayan mako. A karo na ukun na ce in ta faɗa wa likita ban yafe ba. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ƙullutun ya narke cikin wata biyu. Da farko duk wata uku muke komawa a duba ni, daga baya shekara-shekara, kullum a ce lafiya lau. Ni nakan manta na watanni. Ita ba ta manta ba. Kowace safiya kafin in sa riga sai ta danna hammatata da yatsu uku, ta danna wuya, tana yi kamar zare take cire min. In na yi mura ba ta iya cin abinci. A bakin ofishin likita nakan ga leɓenta yana motsi, ta dube ni, ta haɗiye. A shekara ta bakwai zuciyarta ta tsaya tana shanya. Ita da ko ciwon kai ba ta cika yi ba.

Bara na cika goma. Likitan, wani sabo ne, ya juya takarduna ya ce, "Baba, an yi nasara. Ba sai ka riƙa zuwa ba, sai dai in ka ga wani abu."

Maimakon in fita sai na gangara ƙasa. An sauya kujerun, an kawo sabon inji, an ce direba ya daɗe da rasuwa. Malamar Inji tana nan, ta ƙara jiki, ta sa tabarau. Na ce mata ni ne mai fenti, kuma na zo da laifi. Na zayyana mata komai.

Ta yi dariya har tana dafa bango.

"Kai ne mai layin nan! Baba, ai da safen muka gani. Har na kira abokiyar aikina ta zo ta ga hannu."

"To me ya sa ba ku yi magana ba?"

"Don ba da shi muke saiti ba. Ɗaga rigarka. Ka ga ɗigon nan uku da ba sa goguwa? Ranar awo na tsira maka su da allura. Su muke bi, sannan mu tabbatar da hoto. Layin don ido ne kawai. Muka ce a bar dattijo da aikinsa."

Na dubi ɗigon. Shekara goma suna jikina, ban taɓa tambayar amfaninsu ba.

"Ina Mama mai shayi?" ta ce.

Na ce ta rasu. Ta yi min ta'aziyya, aka kira ta ciki.

Na zauna a tasha, mota uku ta wuce ban shiga ba. Sai ga wayar autarmu.

"Baba, me suka ce?"

"Sun ce na warke."

"Alhamdulillahi! To me ya sami muryarka?"

"Tambaya ɗaya uwarki ta so yi," na ce. "Amsar ko minti ɗaya ba ta kai ba. Shekara bakwai na hana ta."