Sauran Kafson Ya Tafi Garke

…wa maraƙi! Kafson da na taka tun daga Zandam har asibitin Gwaram na karɓo wa yaro, Dabo ya kwance ƙullin, ya zazzage sauran a ƙoƙo, ya ɗura wa maraƙi. Mijina ke nan. Wai yaro ya miƙe har yana bin awaki, maraƙi kuwa ya kasa tsayuwa — to sai me?

Ga yaron nan a bayana, zafinsa na ratsa zanen goyo. Kwalta sabuwa fil, motar Birnin Kudu da za ta kai mu babban asibiti shiru…

Ran da na karɓo maganin, malamin asibiti bai ɓoye mini komai ba. Wasu ƙwayoyi ne a ƙirjinsa, ido ba ya ganinsu, haihuwa suke ba dare ba rana. Magani ya bi jini ya same su, ya hana su haihuwa, ya karya su — amma raunana ne ke fara faɗuwa, masu taurin kai sai can ƙarshe. Kamar noman firi, in ji shi, in ba a yi maimai ba ciyawa ta dawo. Kar ki daina ba shi sai maganin ya ƙare, ko kin ga yaron yana tsalle. Waɗanda suka tsira in suka hayayyafa, ba lalle maganin ya sake cin su ba.

Wa ya kai Dabo sanin maimai? Gona a yi mata, ɗa kuwa…

Ni da wane baki zan hana? Ɗan fari ne, ko sunansa ban isa in kama ba. Dada, uwar Dabo, na kan tabarma tana kallona — in ce uffan, gobe a bakin rijiya a yi da ni: Zahara'u ba ta da kunya, tana rawar jiki kan ɗan fari. Haushi nake ji, wallahi. Ƙwayoyin nan sun san wata kunya?

Tarin ya canja. Daga can ƙasa yake fitowa yanzu… masu taurin kan ne, da 'ya'yansu, da jikokinsu. Maraƙin kuma ya warke, wai! Har da tsalle a garke.

Ga wata da ƙwaryar nono ta tsaya. “Baiwar Allah, ya jikin yaron?”

Ba ta san ni ba. Ba ta san na fari ne ba. Zan iya ce mata tsoro nake ji, zan iya fashewa da kuka nan a bakin titi, wa zai…

“Da sauƙi.”

Bakina ne ya faɗa. Shi kaɗai, ban sa shi ba.